Kwalbar da Yari Ya Zubar

A Ƙofar Dundaye babu wanda bai san Yari ba. Manomin shinkafa ne, gonarsa tana can fadama, amma ba da shinkafa aka san shi ba. Shekara bakwai ke nan da ya binne ɗansa Mansur, ɗan kabu-kabu, wanda ya fara da kwalbar kodin ya ƙare da tiramol. Tun ranar da aka dawo daga maƙabarta Yari ya rantse babu ƙwayar da za ta sake shiga gidansa.

Da gwamnati ta hana sayar da kodin, shi ya ja dattawan unguwa suka bi shaguna. Ba ya ihu, ba ya zagi. Sai ya ce, "Buɗe." A buɗe, ya tsiyaye kwalbar cikin kwata da rana tsaka, a gaban mai shago da 'yan kallo, sannan ya ɗauki dutse ya fasa ta. Haka yake yi, kwalba bayan kwalba. Har yara suka koyi kwaikwayonsa da gwangwanin madara.

Sai ciwo ya kama matarsa Zulaihatu. Dajin nono ne, kafin a gane ya ci ƙashi. Likitoci suka yi iya yinsu, suka ce a mayar da ita gida a kula da ita. Matar da ta haifi tara ba a taɓa jin muryarta a zaure ba, ga ta tana cizon matashi. 'Yarsu Wasila ta baro gidan mijinta ta zo jinya.

Asibitin yana da ma'aikata masu bin irin waɗannan marasa lafiya har gida. Wadda aka turo musu Sista Rifkatu ce, mutuniyar Kafanchan, shekararta ashirin da biyu a Sakkwato, tana zaune Gidan Dahala. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, jakarta kullum a rufe da kwado.

Ranar Talatar da ta fara zuwa Yari yana gona. Ya dawo bayan la'asar ya tarar gidan shiru. Ya leƙa ɗaki. Zulaihatu tana barci, baki a ɗan buɗe, hannu ya sake a gefen katifa. Ya san wannan barcin. Haka Mansur yake kwanciya.

"Mi anka ba ta?" in ji shi.

Wasila ta ɗauko kwalba daga ƙarƙashin gado tana murna. "Baba, har kunu ta sha. Sista ta ce mofin a sunanshi. Dangin kodin ne, amma ya hi shi ƙarhi, don haka a ɓoye."

Dangin kodin. Bai jira sauran ba. Ya karɓi kwalbar ya fita ƙofar gida, ya tsiyaye ta cikin kwata a gaban masu dawowa daga masallaci, ya nemi dutse ya fasa. Wasila tana kuka a soro, bai ko waiwaye ta ba.

Kafin hantsin Laraba ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Wasila ta buga waya. Sista Rifkatu ta iso a keke napep, ta tsaya bakin kwata ta dubi fasassun gilasai, ta shiga. Ta gyara wa Zulaihatu kwanciya, ta shafa mata baya, sannan ta fito ta durƙusa ta gaishe da Yari kamar babu abin da ya faru.

"Baba, kai ka zubar?"

"Ni na zubar. Wanga abu shi ya kashe mani ɗa."

"Allah ya ji ƙansa. Wa ya ba shi?"

"Wani ɗan iska, bayan tasha."

"Ya auna masa?"

Yari ya kawar da kai.

Ta ce, "Baba, ni ma na wanke gawar yara irin Mansur, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Dokar da ta ba ka bakin cewa mai shago ya buɗe, ita ce ta ba ni wannan kwalba. Ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a kan irin wannan magani: kada ya shiga kasuwa, kuma kada mai ciwo irin na Inna ya rasa shi. Kowace ƙasa sai ta faɗi yawan da take buƙata a shekara, sai kuma ta nuna inda ya tafi. Likita ya sa hannu, mai ba da magani ya sa hannu, ni na sa hannu. Na kwana goma ne. Ya tafi a yini ɗaya, kuma babu kwalbar da zan mayar. A wurinsu, kamar an sayar ke nan."

"To, su ba da wata," in ji Wasila.

"Ba za su ba da ba sai an san inda wannan ta shiga. Kuma ni za a tambaya."

"Sista, ki ce suɓucewa ta yi daga hannuna ta hwashe. Wa za ya sani?"

Rifkatu ta girgiza kai. "Duk wanda ya sayar, abin da yake cewa ke nan. Ban da Inna, akwai mutum goma sha ɗaya da nake kai wa magani. In aka kama ni da ƙarya ɗaya, su duka na zubar wa."

"To a sawo tiramol mana, ko bayan—"

"Kada ki ƙarasa," in ji Rifkatu, kafin Yari ya buɗe baki.

Yari ya ɗago ya dube ta sosai. Abin da zai faɗa ke nan, da muryar da zai faɗe shi. Shekara bakwai yana jin kamar shi kaɗai ke wannan yaƙi, ga wata gajeriyar mata da jaka mai kwado ta fi shi tsauri.

Daga cikin ɗaki Zulaihatu ta kira shi. Ya shiga ya tsuguna. Zufa ta jiƙa mata kallabi.

"Malam," ta ce, tana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, "kana tsammanin da tsuhwana maye nika nema? Jiya na yi azahar da la'asar da hankalina, na san abin da nika karantawa. Wata biyu rabona da haka. Yau ko Fatiha ban iya kaiwa ƙarshe."

Ya fita ya ɗauki tsintsiya. Mutanen da suka ga ya zubar jiya, yau suka ga Yari a tsugune bakin kwata yana tsintar gilasai ɗaya bayan ɗaya, har da murfi da guntun takardar da ke manne. Ya ƙulle su a tsumma. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya biya ya ɗauki mai unguwa don shaida, ya bi Sista Rifkatu asibiti.

Mai kula da ɗakin magunguna, Malam Tukur, ya kwance tsumman ya duba, ya dubi Yari.

"Kai ne Yarin Ƙofar Dundaye? Masu sayarwa sun ƙare ne, ka dawo kanmu?"

Mai unguwa ya yi dariya. Yari bai yi ba.

"Ni na zubar, ni na hwasa. Jahilci ya sa. Wagga mata ba ta da laihi. Ku rubuta haka nan."

Aka rubuta, aka karanta masa, ya dangwala yatsa. Tun da yake a duniya bai taɓa kiran kansa jahili a gaban mutane ba. Mai unguwa ya sa hannu. Amma takarda ɗaya ba ta gama magana. Sai an ga likita, likita yana ɗakin tiyata. Sai an ga shugaban sashe, shi kuma yana taro. Yari ya zauna kan benci yana kallon Rifkatu tana hawa bene tana saukowa da takardar a hannu. Sau shida ya gan ta. Bai ga ta sa komai a baki ba. Da aka kira azahar ita ta nuna masa inda ake alwala, ta koma bakin ƙofar likita ta tsaya.

Gab da la'asar shugaban sashe ya yarda, amma da sharaɗi: kwalbar ba za ta sake komawa gidan ba sai da akwati mai kwado, da mutum ɗaya da zai riƙe makulli, sunansa a rubuce.

"Wa za a rubuta? 'Yar?" in ji Malam Tukur.

"Baba za a rubuta," in ji Rifkatu.

"Wanda ya zubar?"

"Shi. Ka nuna mini ɗan ƙwayar da zai tsallaka zauren Yari ya ce a ɗan sam masa."

Ranar ta koya masa awo. Sirinji marar allura, a ja zuwa layin da ta yi wa alama da jan biro, kada a wuce, kada a rage, a ɗiga a gefen baki, bayan kowace awa huɗu. Hannun da ya saba da lauje bai saba da sirinji ba. Ta sa shi ya gwada da ruwa sau goma. A na shida ya wuce layi, ta ce, "Sake, Baba," ya sake bai yi musu ba. Wasila ta juya baya tana ɓoye dariya; ba ta taɓa jin an ce wa ubanta sake ba.

Ya ɗaura makullin a zaren carbinsa. Ya bar wa maƙwabci ban ruwan gona. Samari biyu sun taɓa tsayawa ƙofar gida da sunan gaisuwa, suka ga idonsa, suka wuce.

Zulaihatu ta yi kwana arba'in da biyar. Ta yi sallolinta a zaune. Ta ci tuwon shinkafar gonarsu, ta raba wa jikoki zannuwanta da hannunta, ta yi wa Yari tsiya cewa ya tsufa ya zama nas. Ta cika ranar wata Asabar da hantsi, tana salati.

Bayan addu'ar uku Yari ya tafi asibiti a ƙasa, da akwatin a hammata. Kwalba ta biyar ce, da saura a ciki. Malam Tukur ya auna a gaban Rifkatu. Daidai, ko ɗigo bai ɓace ba.

"Wanda ya dawo daga gida ba a ba wani," in ji Rifkatu. "Zubarwa ake yi, a gaban shaidu." Ta dubi Malam Tukur, ya ɗaga kai. Ta miƙa wa Yari kwalbar. "Karɓi, Baba. Ka fi mu iyawa."

Ya karɓa. Ya daɗe yana riƙe da ita kafin ya tsiyaye a inda aka nuna masa, a hankali. Ya mayar da murfin, ya ajiye kwalbar a kan tebur lafiya lau.

Ya dubi Rifkatu. "Ɗiyata," in ji shi, "sauran goma sha ɗayan nan. In akwai gidan da wani tsoho mai taurin kai ya tare ƙohwa, ki aiko a kira ni."