Kunnen da Ya Rage

Wata goma sha huɗu Mutaru ya yi yana zaga duniya a bayan gangunan wani Bature, ya dawo New York a ƙarshen 2017 da akwati ɗaya da kunne ɗaya. Na dama ya mutu tun a Osaka. Na hagun kuwa, shekaranjiya wata likita a Landan ta duba shi, ta ajiye kayan aikinta ta ce masa ba wasa take ba: ƙara mai tsanani, ko sau ɗaya ce, tana iya tafiya da shi.

Mutaru ɗan zangon Kumasi ne, gidansu gidan haɗa ganga. Wannan hannun ya ba shi aiki da wata ƙungiyar mawaƙan rock mai nauyi, su biyar, irin waɗanda in sun fara sai ka ji haƙoranka na kaɗawa. Duk sun tsufa, gashi har kafaɗa ya yi fari fat, amma wallahi hayaniyarsu ko furfura ɗaya ba ta yi ba. Shi ke ɗaure wa makaɗinsu, Vinny, ganguna, ya ja fata, ya daidaita murya. Shekara goma sha ɗaya ke nan.

Da hantsi ya hau benensu a unguwar Highbridge. Matarsa Nimatu ta buɗe ƙofa da 'yarsu Najat a kafaɗa, 'yar wata goma sha ɗaya da bai taɓa gani ba sai a waya. Yarinyar ta ƙare masa kallo sama da ƙasa, ta tusa fuska a wuyan uwarta.

"Kar ka damu, Baban Najat," in ji Nimatu. "Ta iya Mma. Baba ne take ta juyawa a baki, bai fito ba tukuna. Kai yake jira."

Yana shan koko ya faɗa mata maganar likita. Ta ajiye ludayi.

"To sai ka zauna a gida."

"Wasan yau da dare na ƙarshe ne, Nimatu."

"Kunnen ma na ƙarshe ne."

Ta ce ai da abin toshe kunne, ko ɗan titi ya san wannan. Ya ce yana da su, yana sawa. Sauran maganar kuwa amana ce, ko ita bai taɓa faɗa wa ba.

Ga amanar. Vinny kurma ne, shekara shida ke nan. Ƙarar da ke girgiza ƙasa yana jin ta a ƙirji, yana bin ta daidai, ba wanda ya taɓa ganewa. Amma akwai waƙarsu ta rufewa, inda kowa ke tsayawa cak, mai jita ya yi ta jan wani siririn sauti shi kaɗai, yau gajere gobe dogo, yadda ransa ya so. Akwai ɗan lanƙwasa da yake yi a ƙarshe, nan ganga za ta faɗo tare da wutar da ake harbawa. Vinny ba ya jin komai a wurin. Mutaru ne ke durƙushe a bayansa, ya zare abin toshe kunnen, ya kasa kunne, da ya ji lanƙwasar ya dafa idon sawun Vinny. Kuma dafawar ita ce tsawar. Ba sakan ko ɗaya na mayar da abin toshewa. Haka na dama ya tafi.

A jirgin ƙasa mai lamba huɗu ya yanke shawara: zai faɗa wa Vinny a nemi wata dabara. Mutum ba zai kurmance don waƙar arna ba, haka ya ce a ransa, har ya ji kunyar kalmar, don Vinny ne ya tsaya masa lokacin da takardunsa na zama a ƙasar suka cije.

Ƙarfe uku ya tarar da zauren wasan wayam, kujeru dubu goma sha takwas ba kowa. Vinny na zaune a bayan gangunan yana shafa fatar da tafin hannu. Mutaru ya tsaya a gefensa ya zayyana komai da Turanci: Osaka, Landan, yarinyar da ba ta ce Baba ba tukuna.

Vinny bai ko juyo ba. Na'urar jinsa tana aljihu, kamar kullum in akwai idon ma'aikata. Sai can ya ɗago ya gan shi, ya washe baki, ya jawo shi kusa.

"Mutaru, ban faɗa wa kowa ba," ya ce da ƙarfi irin na kurame. "Yau na gama. Shekara arba'in. Jikokina uku suna layin gaba, ba su taɓa ganina ina kiɗa ba. Sau ɗaya ya rage mana, ɗan'uwana. Sau ɗaya, mu fita ba wanda ya sani."

Idon tsohon ya kawo ruwa. Mutaru ya ɗauki makullin ɗaure ganga ya hau aiki. La'asar da magariba a bayan akwatunan kaya ya yi su, ya daɗe a sujjada.

Aka buɗe ƙofofi, jama'a suka cika maƙil. Awa biyu ana ɓarin ƙara, katakon dandamali na rawa a ƙarƙashin gwiwoyinsa. Ya canja sanda biyu da suka karye, ya ɗaure fatar da ta saki. Sannan aka zo waƙar rufewa. Fitilu suka mutu, saura ɗaya a kan mai jita.

Mutaru ya kai hannu kunnen hagu. Ya tuna wuyan Nimatu da ƙaramar fuskar da ta ɓuya a ciki. Ya dubi ƙafar Vinny, ta ɗaga kaɗan tana jira. Mutumin nan ya sakankance, ko waiwaye bai yi ba.

Ya ce bismillah, ya zare.

Kai, sautin nan ya yi daɗi a daren! Siriri, garau, yana hawa yana sauka, mutum dubu goma sha takwas sun yi tsit. Mai jita ya ja shi fiye da kowane dare, Mutaru ya sha shi har ƙarshe. Lanƙwasar ta zo. Ya dafa.

Ya ga wuta ta tashi. Ya ga hannuwan Vinny suna sauka daidai, ya ga yara uku a layin gaba suna tsalle, bakuna a buɗe ko'ina. Wani abu ya yi tsuwwa a kansa, dogo, sannan ya ɗauke.

Washegari da safe yana zaune a ƙasa a falo, ya miƙe ƙafa, ya juya wa kicin baya. Nimatu ta kira shi sau biyu daga bakin ƙofa, bai juyo ba, ta ga abin da ta gani. Najat ta rarrafo, ta dafa gwiwarsa ta miƙe, tana wasa da makullin gangar da ke rataye a wuyansa. Leɓɓanta suka haɗu suka rabu, suka sake haɗuwa. Ya ɗauka miyau take wasa da shi, ya kai hannu zai goge mata.

Sai ya ji an dafa masa idon sawu. Nimatu ce a durƙushe, hawaye shaɓe-shaɓe, tana nuna masa bakin yarinyar.