Igiyar Saje Dalyop

A shekarun da kuɗin mai ya sa kowane babba a ƙasarmu yake zuwa Landan kamar mai zuwa kasuwar ƙauye, Manjo Zailani ne ke kula da 'yan sojojinmu da ke aiki a wani ofishi kusa da Marylebone. Mutum ne mai son wa'azi. Kullum sai ya ce shugaba shi ke ɗaukar laifin na ƙasa da shi.

To, ranar wata Talata wani Kanar ya sauka daga Legas, ya yi ta tsayuwa a filin jirgi, babu mota. Direban ofishin, Saje Dalyop, yana can bakin kantuna yana jiran Hajiya Karimatu, matar Manjo, ta gama zaɓen labule. Manjo ne da bakinsa ya aike shi, ya kuma manta da zuwan Kanar sarai.

Kanar ya iso a tasi yana huci, ya ce lallai a hukunta direba. Maimakon Manjo ya ce shi ya jawo, sai ya bar laifin a kan Dalyop. Kuma don rashin ta ido, shi ya zauna alƙali.

Aka shigo da Dalyop ba hula ba ɗamara, yadda ake shigo da mai laifi. Kanar na zaune a gefe. Manjo ya karanta tuhuma, idonsa a kan tebur.

"Kana da abin cewa?"

"Babu, Yallaɓai."

Saura tambayar da doka ta wajabta kafin a rage wa soja muƙami. Manjo ya san in Dalyop ya zaɓi kotu, za a kira shaidu, har Hajiya.

"Ka yarda da hukuncina, ko a kai ka kotun soja?"

Dalyop ya dube shi, ya daɗe. Wallahi da zagi ya yi, da ya fi sauƙi.

"Na yarda da hukuncinka, Yallaɓai."

Aka cire masa igiyar muƙami ɗaya daga hannun riga, wadda ya samo a fagen yaƙi, ya koma kofur. Kanar ya tafi cin abinci.

Manjo ya zauna shi kaɗai, kunya ta hana shi ɗaga kai. Can aka ƙwanƙwasa ƙofa. Dalyop ne, ya mayar da hularsa, ya ƙame ya sara masa.

"Yallaɓai, Hajiya ta ce labulen bai yi ba. Ƙarfe nawa zan kai ta gobe?"