Tukunyar Aro

Warin sabon fenti ne ya tarbe su tun daga bakin ƙofa. Uwar Biyu ta toshe hanci da gefen mayafinta, ta dubi mijinta.

"Malam, ko ɓatan kai muka yi? Wannan ai ba asibitin Likita ba ne."

Mijin nata, Tela, ya yi dariya. Shekara da shekaru suna zuwa wannan ɗan asibitin unguwa. Nan aka haifi tagwayensu, nan aka haifi Auta, nan kuma ake lallaɓa asmar da ta addabi matarsa. Amma bai taɓa ganin famfon bakin ƙofa yana zuba ba sai yau. A kusurwar ɗakin gaggawa kuwa ga wata doguwar tukunyar iskar numfashi a tsaye, sai ƙyalli take yi.

Likita ne da kansa ya aika a kira su. Jami'ai masu duba asibitoci za su zo, yana so su tarar da tsofaffin mutanensa.

Da hantsi jami'an suka iso. Suka leƙa nan, suka leƙa can, ɗayansu ya ƙwanƙwasa tukunyar da ɗan yatsa ya gyaɗa kai. Wata mai tabarau a cikinsu ta durƙusa gaban Uwar Biyu.

"Mama, yaya ake kula da ku a nan?"

"'Yar nan, wannan bawan Allah ai ɗan'uwa ne. Ko ana tsuga ruwa na aika, sai ya zo."

Ba ƙarya ta yi ba. Jami'an suka shige ofis, aka kai musu shayi, aka riƙa jiyo dariyarsu. Babu wanda ya tambayi tun yaushe tukunyar take wurin.

A hanyar gida ta dafa kafaɗar mijinta, tana haki tana murmushi. "Ka ga tukunyar nan? Hankalina ya kwanta. Ko ciwon ya tashi, ga iska a bakin ƙofarmu."

* * *

Ranar Alhamis da safe ciwon ya tashi, tana cikin shara. Ta shaƙi maganinta, ta sake shaƙa, ƙirjin ya ƙi buɗewa. Maƙwabcinsu ya fito da motarsa. Kafin su isa, leɓunanta sun fara sauya launi.

Likita ya fito a guje, ya tallabo ta zuwa ɗakin gaggawa. Tela ya juya wajen kusurwar. Babu komai sai zagayen tsatsa a kan siminti.

"Likita, ina tukunyar?"

Likita bai ɗago ba, allura yake zuƙa. Nas ce ta amsa, murya can ƙasa.

"Ta aro ce, Baba. An wuce da ita wani asibitin. Yau su ake dubawa."

Aka mayar da ita mota, Likita ya shiga baya yana riƙe da kanta, suka nufi babban asibiti. Cunkoso ya tsare su a kan gada. Tana damƙe da hannun rigar mijinta, tana kallonsa kamar mai son faɗin wani abu. Can sai ya ji yatsun sun saki.

* * *

Bayan an share makoki Auta ta tafi ofishin jami'an. Ta dawo idanunta jajur.

"Baba, wai sun gani da idonsu, komai ya cika. Har wani yake ce mini ai marigayiyar da bakinta ta yaba." Ta share hawaye. "Ka tashi mu koma tare. Kai za su saurara."

"In sun saurare ni sun rufe asibitin, 'yar nan, wa ya rage wa unguwar?"

"To haka za a bar ta ta tafi a banza?"

Tela ya koma kan keken ɗinkinsa. Tun da idonsa ya yi rauni ita ke zura masa zare a allura, tana tsokanarsa wai tela guda ya zama ɗan koyo. Yanzu sai ya daɗe yana lalube, har ya ɗaga kai zai ce, "Ke, zo ki taimaka," sannan ya tuna. Da asuba kofi biyu yake ɗaurayewa. In an buɗe ƙofar gida, kunnensa takun silifas ɗinta yake jira.

Wata la'asar Likita ya yi sallama. Ya rame, furfura ta ƙaru. Ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe yana murza hularsa.

"Na sha cewa zan sayi tawa tukunyar, Malam. Kullum sai in ce wata mai zuwa."

Tela ya so ya ji fushi, ya neme shi ya rasa. Kewa ta cika ko'ina, ba ta bar masa wuri ba. Da Likita zai tashi, sai sabo ya sa ya kamo tsintsiyar hannun Tela, ya yi shiru yana sauraron bugun jini.

"Jininka ya hau. Ka zo Talata in duba ka."

Talata ya je. Ya zauna a ƙarshen bencin jira, ya ajiye hularsa a gefen damansa, inda matarsa ta saba zama. Layi ya yi tsawo, mutane na tsaye. Wata mata mai goyo ta matso.

"Baba, da mutum a nan?"

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ɗauke hular.