Ranar da Fure Ya Yi Mini Rajista

Jiya da dare na yi wani mafarkin da bai dace da mai digiri uku ba.

Na gan ni a wani kurmi can bayan Mambila, ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare. Ban yi mamaki ba. Furen okid na daji a jikin bishiya yake zama kamar kauci, saiwarsa a rataye cikin iska, dole ruwa ya bi shi can. Na buɗe lema na tsaya a kanta.

Sai ga shi a kan reshe, fari fat, da ɗigon ja uku a leɓensa. Shekara goma sha tara ina neman furen da babu shi a kowane littafi. Wannan da hantsi yake buɗewa, kafin azahar ya yi yaushi. In aka yi masa rajista kafin nan, sunana zai ɗauka har abada, da Latin. Na yi ihu, na taka rawa, ni da ko ranar aurena ban motsa kafaɗa ba.

Sai ga ni a ofishin rajista. Daraktar wata akuya ce mai tabarau.

"Ranki ya daɗe, sabon fure na gano!"

"Dokta Barau, kai ka gano shi, ko shi ya gano ka?"

"Ni fa na hau dutse."

"Shi kuma shekara sha tara yana jiranka a reshe ɗaya. Ya riga ka kawo takarda."

Na waiwaya, ga furen a kujera ya harɗe saiwa. A aikinmu na masana tsirrai, ba a raɗa wa tsiro suna sai an matse shi tsakanin tsofaffin jaridu da katako, ya bushe, a manna shi a kwali. A nan ma haka dokar take, sai dai wanda aka gano shi ake matsewa. Bangon cike yake da malamaina, duk a baje. An rubuta a ƙarƙashin ɗayansu: "An samo shi a ɗakin shayi. Bai taɓa fure ba."

"Malam, kwanta," in ji furen.

"Da zafi?"

"Ka taɓa tambayarmu?"

"To amma sunana zai shiga littafin?"

"Har da hoto."

Ai tuni na kwanta. Na roƙi a rufe ni da shafin wasanni, siyasa tana sa ni ƙaiƙayi. Suka ɗora katako, suka ja igiya, ina jin haƙarƙarina yana bajewa, ina murna.

"Rubuta da sauri," na ce wa furen, "ka fara yaushi!"

"Na rubuta. Saura Darakta ta amince."

"A nan takarda ba ta zama doka sai na cinye ta," in ji akuyar. Ta fara daga wajen ƙafata. Ƙus, ƙus, ƙus.

Wannan ƙarar ce ta tashe ni, rana ta fito. Na leƙa baranda, inda na shanya jaridun da na matse furannin da na kawo daga Mambila makon jiya a cikinsu. Akuyar maƙwabcina Malam Tanimu tana tsaye a kansu, wani farin abu mai ɗigon ja yana reto a bakinta.

"Ranki ya daɗe," na ce a hankali.

Ta dube ni, ba tabarau, ta haɗiye shi. Ta amince.