Layin da Ba na Maigida Ba

Ifediora bai saba a ce masa ya jira a waje ba. Shekara ashirin yana sayar da kayan gyaran mota a unguwar Bolari, a gida ma idan ya yi magana an gama. Don haka da ya kai matarsa Ekwutosi asibitin masu fama da damuwa, wata takwas bayan rasuwar 'yarsu, shi ya yi ta amsa tambayoyin da aka yi mata.

Hilda, ma'aikaciyar da ke zama da marasa lafiya tana sauraronsu, ta jawo takardar tsarin kulawa. Ƙa'idar wurin ce a rubuta abin da ke damun mutum, da wanda za a kira idan abu ya rikice, da ranar da za a sake dubawa, sannan burin mara lafiya daga bakinsa.

"Rubuta ta ci abinci, ta koma shago," in ji Ifediora.

"Oga, wannan burinka ne, kuma mai kyau ne. Amma layin nan na Madam ne. Ga benci can a waje."

Ya fita yana huci. Yarinyar da ya haifi kamarta!

Sai da aka kusa awa guda aka kira shi. Ekwutosi ta yarda a nuna masa takardar. An rubuta: "Ina so a bar ni in kira sunan 'yata a gidana."

Shi ya hana ambaton sunan, shi ya kwashe hotunanta ya kulle a durowar shago, wai don kada matarsa ta yi kuka. Ashe tausayin nasa ne ke shaƙe ta.

Hilda ba ta ga laifinsa a gaban matarsa ba, nan kuwa ta cika ma'aikaciya. Ta ƙara abu biyu kawai: hoto ɗaya ya dawo falo, a haɗu bayan mako shida.

Ranar da suka dawo, Ekwutosi ta ɗan yi kumari.

"Madam, sunan fa?" in ji Hilda.

"Kullum ina kira. Shi ne har yau bai iya ba."

Ifediora ya kalli fanka, ya kalli ƙasa. Hilda ta ajiye biro.

"Zikora," ya kira sunan 'yar tasu.

Matarsa ta buɗe jaka, ta miƙa masa hankicinta.