Na'urar Rudu da Batirin Babur

Kulsum ce ta ƙera na'urar da hannunta, a zauren gidansu da ke Aliero. Wata 'yar aba ce da ake ratayewa cikin rudu, wato rumbun karan da ake adana albasa. In zafi da laima suka yi yawa sai ta yi ƙara, mai albasa ya zo ya duba kafin ruɓa ta kama. Ƙananan batura uku ke tafiyar da ita.

Taubashinta Safwan, wanda shi ma yake taɓa dalma da wayoyi, ya ari na'urar wai zai duba. Sai ga labari ya dawo mata cewa ya kai ta wurin manoman ƙauyen Kashin Zama ya ce shi ya ƙirƙiro. Har sun sa masa ranar da zai gwada a gabansu, in ta yi su ba shi aikin rumbunansu duka.

Kulsum ba ta yi kuka ba, ba ta kai ƙara ba. Ta karɓi kayanta ta ajiye, amma abin yana ci mata rai kamar garwashi.

Da hantsin wata Laraba sai ga Safwan yana dariya.

"Taubashiya, an ce Jega za ki. Sawo min regileta da kapasita irin naki sak. Ina son in haɗa tawa."

"Taka? To, madalla da mai ƙirƙira. Da wane batir za ka ta da ita?"

"Manoma sun ce ba su iya sayen ƙananan batura kullum. Tsohon batirin babur za mu sa."

Kulsum ta sunkuyar da kai don kada ya ga fuskarta. Batirin babur volt goma sha biyu ne. 'Yar regiletarta, mai daidaita wutar da ke shiga na'urar, ba ta jure fiye da shida. Kapasitan da ke bakinta kuwa, ɗan abin da ke tara wuta, volt shida da ɗoriya aka rubuta a jikinsa.

"Kuma irin nawa kake so?" ta ce a hankali.

"Awo mana. Regileta ai aikinta ke nan, ta rage wuta. Ko kishi kike?"

"Wane ni."

A kasuwar Jega ta saya masa daidai abin da ya nema, ko ɗaya ba ta canza ba. Sannan ta saya wa kanta regileta mai ɗaukar wutar babur ba tare da ta yi zafi ba, da kapasita mai volt ashirin da biyar. Ta koma gida ta sake haɗa tata, ta gwada da batirin babur ɗin yayanta har ta gamsu.

Ranar gwaji ta bi ayarin 'yan kallo da jakarta a kafaɗa. Safwan ya sha farar shadda. Ya yi dogon bayani a gaban Malam Ya'ƙub, shugaban manoman, sannan ya maƙala wayoyin na'urar da ya haɗa a batir. 'Yar fitilar da ke jikinta ta kama, mutane suka matso. Can sai kan kapasitan ya kumbura, ya fashe, tau! Wani hayaƙi mai wari ya tashi, tsofaffi suka ja da baya suna salati.

"Yaro, wanga abu za ka sa muna cikin kara da albasa?" in ji Malam Ya'ƙub.

Safwan ya juya allon na'urar sama da ƙasa, bai san inda zai duba ba.

Kulsum ta durƙusa ta gaida Malam, ta fito da tata.

"Baba, a gwada wannan a batirin nan."

Aka maƙala. Ta hura mata numfashi mai ɗumi, na'urar ta yi ƙara. Aka bar ta tana aiki har aka sauko daga azahar, ko ɗumi ba ta yi ba.

"Ɗiyata, wa ya ƙera wagga?"

"Ni ce, Baba. Ta farkon da aka nuna muku ma ni ce."

Malam Ya'ƙub ya dubi Safwan, sannan ya kira masu rumbuna su yi magana da Kulsum.

A hanyar komawa Safwan ya cim mata, shaddar duk ɗigon baƙi.

"Kin san zai fashe. Don mi ba ki gaya min ba?"

Ta gyara jakarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba taubashi. Ni zan koya wa mai ƙirƙira abinsa?"