Rabin Gemu

A layin nan babu mai kiransa da sunan yanka. Kowa Auduga yake ce masa, saboda laushin hannunsa. Mai aski ne, in ya ɗora maka reza a wuya sai barci ya sace ka. Shagon nasa ɗan ƙuƙut ne: kujera mai juyawa, benci, madubi a gaba, madubi a baya, sai wata fanka da ƙararta ta fi iskarta yawa.

Bayan rasuwar ƙaninsa duniya ta yi masa zafi, har likita ta ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Maganin ya karɓe shi. Yana ci, yana barci, har ya koma tsokanar masu sanƙo da ke zuwa gyaran fuska. Sai ga mahaifiyarsa ta zo musu kwana biyu, ta tsinci kwalin a ƙarƙashin matashi, ta kai wa maƙwabciya ta duba mata. Maƙwabciyar, wadda ba ta taɓa cewa ba ta san abu ba, ta ce ai wannan na masu taɓin hankali ne.

Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. "Ɗaya ya tafi ya bar ni, kai kuma ƙwaya za ta cinye maka hankali? In dai ni na haife ka, ka rabu da abin nan."

A gabanta ya juye ƙwayoyin a masai, ya yi mata alkawari.

Matarsa ta jira Inna ta koma gida, sannan ta ce, "Kai da in za ka rage wa mutum suma sai ka fara da babbar lambar inji ka sauko a hankali, shi ne za ka yi wa kanka ƙwal-kwabo rana ɗaya?" Ya ce ta rufa masa baki.

Kafin mako ya zagayo jiri ya kama shi, ga tashin zuciya, ga gumi, ga hawaye ba gaira ba dalili. Mafi muni, da zarar ya juya ido sai wani abu ya ja shi a cikin kai, zit, kamar ya taɓa wayar injin aski da jiƙaƙƙen hannu. Aski kuwa duk juya ido ne, daga kai zuwa madubi, daga madubi zuwa kai. Ya rufe madubin baya da tawul. Ya koyi juya wuyansa gaba ɗaya kamar mai sanƙarau. Yana tauna citta, yana watsa wa fuska ruwa, duk mai son reza ya ce masa ta ƙare. Rufe shago ba dama, akwai bakunan ciyarwa a gida. Komawa asibiti kuma cin amanar Inna ne. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kada maganar maƙwabciya ta tabbata.

Wata safiya surukinsa ya shigo, tsohon direban babbar mota, mutumin da inji bai taɓa hawa gemunsa ba.

"Baba, reza ta ƙare."

Tsohon ya zaro sabuwa daga aljihu, ya zauna, ya lumshe ido.

Auduga ya shafa kumfa. Ya share kuncin dama lafiya lau, yana riƙe numfashi. Ya gangaro ƙarƙashin haɓa ke nan wani mai babur ya danna oda a ƙofar shago. Idonsa ya zabura, kansa ya ɗauke. Da ya dawo hayyacinsa, sai ga jan layi yana ratsa farar kumfa, dab da maƙogwaro.

Ya ajiye rezar. "Baba, ba zan iya ƙarasawa ba." Daga nan bakinsa ya buɗe, ya faɗi komai, yana kuka a gaban suruki, abin da bai taɓa zaton zai yi ba.

Tsohon ya dafe yankan da tawul, ya daɗe yana kallonsa ta madubi. "Yaro, in birki ya ƙi, direba ba ya kunyar ajiye mota. Ja ƙofa mu tafi."

Haka suka ratsa layi, tsoho da rabin gemu, masu shaguna suna leƙe suna ƙunshe dariya. Likita ta ce ba hauka ba ne, jiki ne ya saba aka ƙwace masa lokaci guda. Ta ce ya koma kan maganin, in lokacin bari ya yi za su sauko tare, sannu a hankali. Kwana kaɗan wutar da ke jansa a cikin kai ta mutu.

Sai ya tafi gidan Inna da niyyar faɗa mata, yana ta bitar maganar a hanya. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta kamo hannunsa ta juya shi, ta dubi fuskarsa da ta ciko.

"Ka gani ko? Tun da ka bar abin nan ka dawo ɗana." Hawaye ya zubo mata, na daɗi, irin wanda bai gani ba tun rasuwar ƙaninsa. "Ba ka taɓa saɓa mini ba. Allah ya yi maka albarka."

Auduga ya buɗe baki, ya dubi fuskarta, ya sunkuyar da kai.

"Amin, Inna."